Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: A Binciki Ɗan Kwangila Kafin A Zuba Kankare

Duk wanda ya san garin Dutsin-Ma kafin shekarar 2011, lokacin da aka kafa Jami'ar Tarayya a cikinsa, idan ya koma a yau zai ga babban sauyi ta fuskar gine-gine. Bukatar masaukin ɗalibai da ma'aikata ta sa masu hali sun duƙufa wajen gina ɗakunan haya da shaguna, wasu ma har da benaye. Sauyin bai tsaya a cikin gari kaɗai ba. A Kurfi da ƙauyuka irin su Kutawa, bulo da siminti suna ta maye gurbin tubali da azara, kuma masallatai da makarantun Islamiyya da azuzuwan da jama'a ke ginawa da kuɗin karo-karo, mafi yawansu yanzu da kankare ake ɗaure su. Wannan ci gaba ne, babu shakka. Sai dai ya zo da wani nauyi wanda mutane da dama ba su farga da shi ba tukuna, wato nauyin sanin wane ne ake danƙa wa aikin.

Abin mamaki ne a ce mutumin da zai sayi rago a kasuwa sai ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, ya tattaɓa gadon bayansa, ya sa an ja shi ya ga tafiyarsa, amma ranar da zai bayar da aikin rufin kankare wanda 'ya'yansa za su kwana a ƙarƙashinsa, sai ya wadatu da cewa ɗan kwangilar surukin wane ne, ko kuwa shi ne ya fi kowa rangwame. Binciken ɗan kwangila kafin a ba shi aiki wajibi ne, kuma dalilin wajabcinsa yana cikin ɗabi'ar shi kansa kankaren. Abu ne da ke ɓoye aibinsa da zarar ya daskare, ta yadda bayan kwana biyu ido ba ya iya rarrabe mai kyau da maras kyau. Lokacin da mai gini yake da cikakken iko a kan ingancin gininsa shi ne kafin a buɗe buhun siminti na farko.

Bambancin laka da kankare

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga tantance magina. A da, sana'ar gini tana da shugabanci, akwai Sarkin Magina a manyan garuruwa, kuma yaro yakan shafe shekaru yana cuɗa ƙasa yana miƙa tubali kafin a yarda ya ɗora azara, balle a sakar masa ɗaurin guga. Sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834 zuwa 1846), bai ɓace ba har yau, kuma hasumiyar Gobarau da ke birnin Katsina shaida ce ta abin da laka ke iya yi a hannun waɗanda suka san ta. A wancan tsari kowa ya san wanda ya koyar da magini, an san gidajen da ya gina, in kuma soro ya rufta an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Bugu da ƙari, laka abu ce da kowa ya sani. Manomi yana iya damƙar cuɗaɗɗiyar ƙasa ya gane ko ta ruɓa yadda ya kamata. Bangon ƙasa kuma yana gargaɗi kafin ya faɗi, ya tsage, ya zube kaɗan-kaɗan, damina ta zaizaye shi a gaban idon mai gida, shi kuwa ya yi yaɓe kafin wata daminar. Kankare ba haka yake ba. Ginshiƙin da aka tauye wa siminti da wanda aka cika masa, launinsu ɗaya ne, in aka yi musu filasta aka shafa fenti ko injiniya ba zai bambanta su da ido ba. Sana'ar kuma ta fita daga hannun sarakunan magina ba tare da ta shiga hannun wani mai sa ido a ƙauye ba. Duk wanda ya mallaki shebur da kwanon sarki da lambar wayar direban tifa yana iya kiran kansa ɗan kwangila, wani ma har a riƙa ce masa injiniya yana amsawa.

Abin da ke faruwa a cikin kwaɓi

Domin a gane inda ake cuta, sai an fara gane yadda kankare yake samun ƙarfinsa. Haɗi ne na abubuwa huɗu: siminti da yashi da tsakuwa da ruwa. Simintin da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga wanda wani birkila ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya yi wa rajista a shekarar 1824, kuma ana yin sa ne ta hanyar ƙona dutsen farar ƙasa da yumɓu a zafin da ya kai kimanin digiri 1,450 a ma'aunin Salshiyos, kamar yadda ake yi a masana'antar Kalambaina ta Sakkwato da ta Ashaka a Jihar Gwambe. Mutane da yawa suna zaton kankare bushewa yake yi kamar laka. Wannan kuskure ne, kuma kuskure ne mai tsada. Abin da ke faruwa shi ne sinadaran da ke cikin siminti suna haɗuwa da ruwa su haifar da wani sabon abu mai kama da ƙananan saiwoyi, waɗanda ke sarƙewa da juna su ɗaure yashi da tsakuwa su zama dutse guda. Haɗuwar tana tafiya sannu a hankali. A kwana 7 kankare yakan kai kimanin kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, kuma a kwana 28 ne injiniyoyi suke auna ƙarfin da aka tsara masa.

Ke nan ruwa abinci ne ga siminti, amma da iyaka. A shekarar 1918 wani mai bincike Ba'amurke, Duff Abrams, ya tabbatar da cewa ƙarfin kankare yana raguwa ne gwargwadon yadda aka ƙara ruwa a kan siminti. Ruwan da ya wuce bukata ba ya shiga cikin haɗin, yana zama ne a cikin kwaɓin, daga baya ya ƙafe ya bar miliyoyin ƙananan ramuka. Ga aikin gini na yau da kullum, buhun siminti mai kilo 50 yana bukatar ruwa kimanin lita 25, wato jarka guda, har da damshin da ke cikin yashin. In aka kai shi lita 40, ƙarfin yana iya faɗuwa da kusan rabi. To, me ya sa ake ƙara ruwan? Saboda kwaɓi mai ruwa-ruwa ya fi sauƙin juyawa da shebur, ya fi sauƙin ɗauka, kuma yana malala cikin katako da kansa ba sai an sha wahalar cusa shi ba. Lebura da aka yi jinga da shi a kan ya gama kafin la'asar ba shi da dalilin ƙin ƙara ruwa, sai fa in akwai wanda ya san illar abin yana tsaye a kansa.

Sai batun yawan simintin. Haɗin da aka fi sani shi ne kashi 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa, wanda a wurin aiki yake nufin buhu guda da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa. A nan ɗalibin da ya iya lissafi zai iya gwada wani abu. A ɗauka ƙungiyar iyaye da malamai ta wata makaranta a Kutawa ta tara kuɗi za ta yi wa aji rufin kankare, wato dekin, domin a ɗora wani ajin a sama nan gaba. Tsawon ajin mita 8, faɗinsa mita 7, kaurin rufin santimita 15. In aka ninka su za a sami mita 8.4 mai fuska shida. Kowace mita guda irin wannan tana da nauyin kilo 2,400, saboda haka rufin kaɗai ya haura tan 20, daidai da nauyin buhunan siminti 400, kuma a ƙarƙashinsa ne yara za su zauna kullum daga safe zuwa azahar. Rufin yana cin siminti buhu 50 da ɗoriya. Idan ɗan kwangila ya zuba 35 ya karkatar da sauran, rufin zai tsaya, zai yi sumul, za a yi walimar buɗe shi, babu kuma wanda zai san an yi satar.

Rodi ma haka. Kankare yana da juriya ƙwarai in an danne shi, amma in aka ja shi ko aka tanƙwara shi ƙarfinsa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na wancan ba. Shi ya sa ake saka masa ƙarfe a wuraren da nauyi ke jan sa. Mai gini yakan ga bambancin rodi mai milimita 12 da mai milimita 10 kamar ba komai ba ne, milimita biyu kacal. Amma ƙarfin rodi yana bin faɗin bakinsa ne, kuma duk ɗalibin da ya san yadda ake lissafin faɗin da'ira zai ga cewa na farko yana da 113, na biyu kuwa 79, wato an yi asarar kusan kashi 30 cikin 100. Wurin da aka ajiye rodin ma yana da muhimmanci. A tsakiyar rufin ɗaki, can ƙasa ake sa shi, amma a barandar da ta fito waje ba ginshiƙi a ƙarƙashinta, a sama ya kamata ya zauna. Wanda ya koyi aiki da gani kawai yakan shimfiɗa shi a ƙasa ko'ina, ranar da aka cire katako kuwa barandar ta biyo shi. Haka kuma dole kankare ya lulluɓe rodi da kaurin da bai gaza santimita 2 zuwa 3 ba a rufi, fiye da haka a harsashi, in ba haka ba damshi ya kai gare shi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki.

Yanayin ƙasar Katsina yana ƙara tsananta lamarin. Yawancin gini da rani ake yin sa, bayan an kawar da amfanin gona kuɗi ya shigo hannu, wato dai lokacin da iskar hunturu ke busar da leɓe, ko kuwa a bazara da zafi ke haura digiri 40. Irin wannan iska tana zuƙe ruwan sabon kankare tun siminti bai gama cin abincinsa ba, haɗin ya tsaya a rabin hanya, saman ya tsattsage. Maganinsa shi ne a riƙa ba shi ruwa ba fashi har kwana 7 a ƙalla, a lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna ko yashi mai damshi. A garin da ake sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan kuɗi ne, kuma shi ne abu na farko da mai neman riba ke yankewa. Na biyu shi ne gaggawar cire sandunan da ke tallafe da rufi domin a kai su wani aikin, alhali ya kamata su yi mako biyu zuwa uku, ko fiye in ɗakin mai faɗi ne.

Darasin Jos da na Ikoyi

Ranar Juma'a 12 ga Yuli, 2024, ginin bene na makarantar Saint Academy da ke unguwar Busa Buji a Jos ya rufta da safe ɗalibai suna cikin azuzuwa. Mutum 22 suka rasu, fiye da 100 suka ji rauni. Iyayen waɗannan yara sun biya kuɗin makaranta, sun duba sakamakon jarrabawa, wataƙila sun binciki malamai, amma ba su da hanyar duba abin da ke cikin ginshiƙan, domin an rufe shi shekaru kafin su kawo 'ya'yansu. A Kano ma, a ƙarshen watan Agusta na 2022, wani bene da ake kan ginawa a kasuwar wayoyi ta titin Beirut ya rushe a kan jama'a.

Abin da ya faru a Ikoyi ta Legas ya fi fito da batun fili. Ranar 1 ga Nuwamba, 2021, bene mai hawa 21 da ake ginawa a titin Gerrard ya zube, ya kashe mutum fiye da 40, har da mai ginin. Jami'an Jihar Legas sun ce hawa 15 aka ba da izini. Bayan haka sai wata wasiƙa ta bayyana, wadda kamfanin injiniyoyin da ya fara sa ido a kan aikin ya rubuta tun watan Fabrairu na 2020, yana sanar da janyewarsa, yana kuma cewa ba a ba shi sakamakon gwajin ƙarfin kankaren da ake zubawa ba. Ƙwararru sun tafi, aiki ya ci gaba har wata ashirin. Kada mai karatu ya ce ai wannan dogon bene ne a Legas, ina ruwan Kurfi da shi. Dokar da ta kayar da shi ita ce ke aiki a kan tankin ruwa na lita 5,000 da aka ɗora bisa ginshiƙai huɗu a harabar makaranta, wanda nauyin ruwansa kaɗai tan 5 ne, yara kuma suna layi a ƙarƙashinsa da bokitai.

Takardun da za a nema

Takarda ta farko da ɗan kwangila ke saurin fitowa da ita ita ce ta rajistar kamfani daga hukumar CAC, wadda aka kafa a 1990. Tana da amfani, domin tana nuna cewa akwai kamfanin a idon doka, da sunayen masu shi, da inda za a kai sammaci in ta ɓaci. Amma iyakarta ke nan. Mai sayar da hatsi ma yana iya yin rajistar kamfani ya rubuta gine-gine a cikin ayyukansa. Takardar biyan haraji ma, wadda dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta wajabta wa masu neman kwangilar Gwamnatin Tarayya, ba ta cewa komai game da sanin kwaɓi.

Takardun da ke magana a kan ƙwarewa daga wasu hukumomi suke fitowa. Akwai majalisar kula da aikin injiniya, COREN, wadda aka kafa da Doka ta 55 ta 1970, aka kuma faɗaɗa ikonta a 1992. Ita ke yi wa injiniyoyi rajista, kuma ba su kaɗai ba, har da masu fasaha da masu sana'ar hannu, kowa da matakinsa. A doka, wanda ba ta yi wa rajista ba ba shi da ikon kiran kansa injiniya. Akwai kuma majalisar magina masu rajista, CORBON, wadda Doka ta 45 ta 1989 ta kafa, da ta masu zanen gine-gine, ARCON, tun 1969. Aikin kowannensu daban ne. Mai zane yana tsara fasalin gini, injiniya yana lissafa kaurin ginshiƙi da yawan rodi da faɗin harsashi, magini mai rajista kuwa shi ke tafiyar da aikin a fili. Kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006 ya fayyace wannan rabon aiki. Ba lalle ne shi ɗan kwangilar ya zama injiniya ba, sau da yawa ɗan kasuwa ne kawai. Tambayar da ta dace a yi masa ita ce, wane ne injiniyan da ya yi lissafin wannan aiki, mece ce lambar rajistarsa, ina zanen da ya sa wa hannu da hatimi?

Samun takarda a hannu bai gama bincike ba. Hoton satifiket abu ne da kowane shagon kwamfuta zai iya ƙerawa. Abin sauƙi shi ne CAC da COREN duka suna da shafuka a intanet inda ake duba suna ko lamba, kuma malami mai wayar hannu zai iya yi wa kwamitin makaranta wannan aiki cikin 'yan mintuna. Akwai kuma wata dabara da ta fi takardar jabu yawa, wato aron satifiket. Injiniyan na gaskiya ne, lambarsa tana nan, amma yana Kaduna ko Abuja, bai taɓa taka filin ba, an dai ba shi wani abu ya ba da sunansa. Saboda haka sai a nemi ganinsa ido da ido, a kuma rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a zuba kankare a harsashi ko ginshiƙi ko rufi ba sai ya zo ya duba ɗaurin rodi ya sa hannu. In ginin bene ne ko na taron jama'a, a kai zanen ga hukumar tsara birane ta Jihar Katsina a sami amincewarta. Mutane suna kallon wannan a matsayin hanyar karɓe musu kuɗi, wani lokaci ma suna da hujjar yin ƙorafi, amma ko ba komai wani ido na biyu ya ga lissafin.

Gani ya kori ji

Shaidar da ta fi kowace wuyar ƙirƙira ita ce tsohon aiki. Kada a yarda da hoton waya, kada kuma a tsaya ga ginin da aka gama bara, domin sabon fenti yana rufe komai. A nemi wanda ya sha damina huɗu ko biyar, a je da ƙafa. A ɗaga kai a dubi ƙarƙashin rufin, ko akwai jan tabon tsatsa yana bin layin rodi, ko wurin da kankare ya ɓanɓare ƙarfe ya bayyana. A dubi kusurwar tagogi da ƙofofi, ko akwai tsaga da ta tafi a karkace, wadda sau da yawa alama ce ta harsashi yana nutsewa. A nemi wurin da ba a yi wa filasta ba a ga ko tsakuwa ta fito tsirara da ramuka kamar saƙar zuma, alamar ba a girgiza kwaɓin ya zauna ba. Ramukan iska da suka kai kashi 5 cikin 100 kacal suna iya rage ƙarfi da kusan kashi 30. A kankara da ƙusa, in yana zuba kamar gari to siminti bai isa ba ko ba a ba shi ruwa ba. Sannan a keɓe da mai ginin, ba a gaban ɗan kwangilar ba, a tambaye shi ko zai sake ba shi aiki.

Hira da shi kansa ɗan kwangilar ma jarrabawa ce. A tambaye shi buhu nawa rufin zai ci, a gwada da lissafin da aka yi a gida. A tambaye shi kwana nawa zai ba da ruwa, kuma ko kuɗin ruwan yana cikin farashinsa. A tambaye shi wane siminti zai saya, tun da akwai mai lamba 32.5 da mai 42.5 a jikin buhu, kuma injiniya ne ke faɗin wanda ya dace. A tambaye shi ko zai kawo injin kwaɓi da na girgizawa. Wanda ya san aikinsa yakan ji daɗin irin waɗannan tambayoyi, har ya ƙara bayani. Wanda ya fusata ya ce shekararsa talatin yana gini ba a taɓa yi masa haka ba, ya riga ya ba da amsa.

Tambaya mafi nauyi ita ce ko ya yarda a gwada kankarensa. Gwajin ba wani abin tsoro ba ne. Ranar zubi ana ɗiban kwaɓin a cika wasu ƙananan akwatunan ƙarfe masu santimita 15 ta kowane gefe, washegari a fitar da su a jiƙa cikin ruwa, a kai su ɗakin gwaji a matse da inji har su fashe, wasu a kwana 7 wasu a kwana 28. Dunƙulen da bai fi a ɗauka da hannu biyu ba, in kankaren gini ne mai matsakaicin ƙarfi, ya kamata ya ɗauki kimanin tan 45 kafin ya fashe. Sassan koyar da injiniyan gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da Jami'ar Bayero a Kano suna da irin wannan inji, kuma kuɗin gwajin ƙalilan ne in an kwatanta da kuɗin rodin rufi guda. Sanin cewa za a yi gwajin ma kaɗai yakan gyara hannun mai awo.

Za a ce duk wannan tsari na birni ne, a ƙauye ina za a sami injiniya, kuma akwai birkiloli da ba su taɓa shiga aji ba amma aikinsu ya fi na masu digiri. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Ga ɗaki biyu da rufin kwano, gogaggen birkila wanda aka ga ayyukansa ya wadatar, ba wanda zai ce a ɗauko injiniya daga Katsina saboda linta. Amma gogewa tana koya wa mutum maimaita abin da ya taɓa yi ne kawai. Ranar da aka faɗaɗa ɗaki daga mita 4 zuwa mita 8, ƙarfin da ke neman karya rufin ba ninki biyu yake yi ba, ninki huɗu ne, ko fiye in an ƙara kauri, kuma wannan lissafi ne, hannu ba ya jin sa. Iyakar a bayyane take. Duk abin da zai rataya a kan mutane, dekin ne ko bene ko tankin sama ko kwalbatin da mota za ta hau, yana bukatar lissafin wanda doka za ta iya kamawa. Daga Kutawa zuwa Dutsin-Ma ko Katsina ba tafiyar kwana ba ce.

Babban cikas ma ba nisa ba ne, kunya ce. Ɗan kwangilar ɗan gari ne, tare ake sallah, wataƙila wani babba ne ya kawo shi, sai a ga kamar neman takardarsa zargi ne. Amma shugaban makaranta ko ma'ajin kwamitin masallaci da ke riƙe da kuɗin jama'a ba shi da ikon yin kara da abin da ba nasa ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce kwamiti ya rubuta sharuɗɗansa tun kafin a san wanda zai nema, a karanta wa kowa iri ɗaya, ta yadda ba wanda zai ce shi aka nufa. Kuma a yi hattara da farashin da ya faɗi ƙasa da na kowa. Kuɗin siminti da rodi ɗaya ne a kasuwa ga kowa, wanda ya yi ragin da ya wuce hankali daga cikin kwaɓin zai fanshe.

Makarantar sakandare tana da abin da za ta bayar a nan fiye da yadda ake zato. Yashin da tifa ke kwasowa daga gulabe da ƙoramu, irin su Karaɗuwa, wani yana zuwa da laka mai yawa, ita kuwa laka tana lulluɓe ƙwayar yashi ta hana siminti kama ta. Ɗaliban aji huɗu za su iya gwada shi da kwalba. A zuba yashi zuwa rabinta, a ƙara ruwa da ɗan gishiri kaɗan, a girgiza sosai, a ajiye sa'a uku. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta kwanta a kansa, a auna kaurin kowanne da rula. In lakar ta wuce kimanin kashi 8 cikin 100, sai a wanke yashin ko a mayar da shi. Su kuma ƙirga buhunan da aka buɗe ranar zubi, da auna kaurin rodi, da riƙe rajistar ban ruwa safe da yamma, duk ayyuka ne da ƙungiyar ɗaliban kimiyya za ta iya yi a ƙarƙashin malaminta, daga nesa da inda ake ɗaga kaya.

Bayan an gamsu da mutum, sai a rubuta. Yarjejeniyar ta faɗi haɗin kwaɓi, da girman rodi da tazararsa kamar yadda zane ya nuna, da kwanakin ban ruwa, da ranar cire katako, da sunan injiniyan da lambarsa, shaidu su sa hannu. Kada a biya kuɗi gaba ɗaya. A raba shi mataki-mataki, kowane biya ya biyo bayan dubawa, na rufi kuwa ya jira sakamakon kwana 28. A manyan kwangiloli al'ada ce a riƙe kashi 5 cikin 100 na kuɗin har wata shida bayan kammalawa, domin gyaran abin da ya bayyana. A ƙasar Katsina ya fi dacewa a tsara wa'adin ta yadda zai haɗa da watan Agusta, lokacin da ruwan sama ya fi ƙarfi, domin a nan ne rufin da ke yoyo da harsashin da ke nutsewa suke fara nuna kansu.